YOGA: KA SAN ABIN DA BAKINKA KE FAƊI?

 

Ya 'yan'uwana samari, abin da zan gaya muku ba labarin ji-ta-ji-ta ba ne, ni na yi shi da jikina. Lokacin da ina karatu a ƙasar Indiya, barci ya ƙaurace mini saboda jarrabawa, sai wani abokin ɗakina ya ce in zo mu riƙa yin yoga da sassafe a saman benen da muke kwana. Ya ce motsa jiki ne kawai. To, in na idar da Asuba sai in hau.

Malamin dattijo ne mai kirki, ba zan yi masa ƙazafi ba. Yakan sa mu tanƙwashe ƙafa, mu miƙe gadon baya, mu ɗora bayan hannu bisa gwiwa, kan manuniya ya taɓa kan babban yatsa. Wannan riƙon yatsu shi suke kira mudra. Sa'an nan a rufe ido, a ja numfashi, a sake shi da kalmar "Om", a ja ta har sai ka ji ƙirjinka da haƙoranka suna rawa. Sau uku. Daga nan a fuskanci gabas a yi tsayuwa da sunkuyo da kifuwa iri 12, kowace da tata kalmar.

Ku ji gaskiya: na ji daɗi. Jikina ya saki, na koma ina barci kamar jariri. Duk mai wa'azin da ya ce muku ba a jin kome, to, bai taɓa yi ba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Sakin numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, ko da Hindu ya yi ko Musulmi, ko da kalma ko babu.

Wata rana na tambayi malamin ma'anar yatsun. Ya yi murna da tambayar. Ya ce manuniya ran ɗan'adam ne, babban yatsa kuwa shi ne Brahman, ruhin da ya game kome a aƙidarsu, haɗa su kuwa alama ce ta cewa su biyun abu ɗaya ne. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Wannan manuniyar fa, ita ce na ɗaga a tahiya ko sa'a guda ba a yi ba, ina shaida cewa Allah Ɗaya ne, ba Ya kama da kowa. Watau yatsa ɗaya, shaida biyu, kafin hantsi!

Da na bi sauran sai na tarar "Om" ba gunji ba ne na banza. Littafin Patanjali, wanda shi ne tushen karatun yoga, ya ce ita ce lafazin da ke nuni ga Ishwara, watau abin bauta. Tsayuwa 12 ɗin nan sunanta Surya Namaskar, ma'anarta gaisuwa ga rana, kalmomin kuwa sunayen rana ne ana kirari da su. Alhali Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana sujada ga rana da wata a cikin Suratu Fussilat, aya ta 37. Manzon Allah (S.A.W.) ma ya hana mu salla daidai ɓullowar rana, sallar da ake yi don Allah fa, domin kada mu yi kama da masu bauta mata. To ina ga ni da ke kife mata da goshi a ƙasa?

Wani zai ce, ai niyyata ba bauta ba ce. Haka ni ma na ce wa kaina har kwana da kwanaki. Amma da na sani ɗin, uzurin jahilci ya ƙare. Malaman ƙasashen da ke cuɗanya da Hindu sun riga mu duba mas'alar. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ke ɗauke da irin wannan wuridi, a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: mai ɗauke da ibadar Hindu haramun, motsa jiki zalla ya halatta. Tun 2015 ake bikin ranar yoga ta duniya kowace 21 ga Yuni, ga ta kuma cike da wayoyinku, saboda haka ba sai kun je Indiya za ta same ku ba.

Na koma wurin dattijon na ce zan riƙa miƙe gaɓoɓi da jan numfashi, amma na bar mudra da "Om" da gaida rana. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a wurinsa na ɗauki ɓawo na yar da ƙwaya. Na ce masa haka ne, ɓawon nake so.