Tsananin Malamin Falsafa: Horo ne ko Wulaƙanci?

Ɗalibin da ya taso a Dakusa, ya shigo birnin Damagaram neman bakaloriya, yakan yi karo da falsafa a ajin ƙarshe. Tun daga makarantar allo ya saba da hadda da girmama maganar malami. Sai ga malamin falsafa ya mayar masa da takardarsa da maki 5 bisa 20, domin ya maimaita darasi kalma da kalma, bai kawo hujjar kansa ba. Wanda ya zarce zuwa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yakan tarar da tsananin ya ƙaru. Ɗalibai da dama na kiran wannan mugunta. Shin haka ne?

Sukurat na Atina, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwatanta aikinsa da na ungozoma: ba ita ke haihuwa ba, taimakawa take yi, kuma naƙuda ba ta rasa zafi. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya bi ta hanyar shakka kafin ya sami yaƙini.

Ma'aunin tsanani ɗaya ne: me malami ke dukawa, hujjar ɗalibi ko mutuncinsa? Wanda ya rushe hujja, ya nuna inda ta karye, kuma ya yarda a rushe tasa, ya yi horo. Wanda ke kunyata ɗalibi, ya hana a tambaye shi, haddar da yake zargi ita yake koyarwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.