INJI YA TASHI, DAJI YA KWANTA

Yau wata tambaya na kawo mana, wadda in kin ji ta da farko za ki ce maganar maza ce, ina ruwanmu, amma ki ɗan yi haƙuri ki bi ni, za ki ga ashe a bakin murhunki maganar take ƙarewa.

Tun muna ƙanana aka koya mana cewa gyara alheri ne. Macen kirki ita ce wadda in ƙwaryarta ta tsage za ta ba da a ɗinke, in kwanonta ya ɓule ta aika a liƙe mata, in zanenta ya yage ta yi masa maho. Wadda kuwa abu kaɗan ta yar ta sayo sabo, almubazzara ake ce mata. To tambayar ita ce, shin kowane gyara ne alheri? Idan mutum ya gyara abin da za a je a yi ɓarna da shi, lada ya samu ko alhaki ya ɗauka?

Abin da ya sa ni wannan tunani shi ne injin nan na sare itace, mai sarƙa mai haƙora, wanda duk wadda ta taɓa kwana a ƙauyukan Kiru da Bebeji ko Tudun Wada da Doguwa ta san ƙararsa, tun da asuba za ki jiyo shi daga cikin daji kamar kukan babur ɗin da aka shaƙe. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl shi ya kafa kamfanin da ya fi suna wajen ƙera shi a shekarar 1926. Na farkon masu nauyi ne ƙwarai, sai mutum biyu sun kama, amma a 1959 kamfanin ya fito da wani da ya yi suna, wanda mutum ɗaya ke ɗauka ya yi aikinsa. Daga baya aka yi samfurin da ake kira Stihl 070, mai nauyin kusan kilo 15, wanda masu yanka katako a ƙasar nan suka daɗe suna ji da shi saboda ƙarfinsa. A Turai da Amurka akwai masu sha'awar tara tsofaffin injinan nan, su wanke su, su yi musu fenti, su jera a ɗaki kamar yadda amarya ke jera kwanuka. Mu kuwa a nan ba don ado ake tayar da tsohon inji ba, don ya koma daji ya nemo abinci ne.

Ni dai aikin mai gyaran nan yana burge ni. Za a kawo masa inji ya yi shekaru a yashe, ya yi tsatsa, kowa ya ce ya mutu. Sai ya shimfiɗa buhu ya warware shi ɗaya bayan ɗaya. Ya duba fulogi ya ga ko yana ba da wuta. Ya wanke kafireta, don ƙurar hunturu da garin katako su ne ke toshe ta. Ya leƙa fistin da ringi, saboda wannan inji irin ƙaramin janareton gida ne, sai an gauraya masa fetur da baƙin mai, ranar da aka yi masa rowar man kuwa ranar zai buga. Ya canza igiyar da ake ja a tayar da shi. Sannan ya zauna da ɗan siririn magagari yana wasa haƙoran sarƙar guda guda, ba gaggawa, don in ɗaya ya fi ɗan uwansa tsawo yankan ba zai tafi daidai ba. Abin da ya rasa ya aika a nemo masa a kasuwannin Kano, ko ya ciro a jikin wani mataccen injin. In ya gama ya ja igiya, sai ki ji abin da aka ce ya mutu ya ɗauki ƙara. Wallahi akwai haƙuri da basira a nan, kuma dama Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

To amma ina injin zai nufa in ya bar rumfar?

Kudancin Kano Allah ya yi masa arzikin daji. Ga dajin Ɗansoshiya ta wajen Kiru, inda a shekarar 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe wa makiyaya matsuguni. Ga kuma babban dajin Falgore da ya shafi Tudun Wada da Doguwa har Sumaila. Kogin Kano ta cikin Falgore ya ratso kafin ya zo ya cika dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Ruwan nan na Tiga shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda tumatir da shinkafarmu ke fitowa. Saiwar bishiya ita ke riƙe ƙasa. Idan aka share itatuwa, ruwan sama sai ya kwashi ƙasar ya zuba a kogi, kogi ya kai ta dam, dam ya riƙa cikewa da yashi sannu a hankali. Kin ga ke nan ƙarar da ake ji a Doguwa tana iya taɓa kwandon tumatir a Kano.

Sannan ki duba irin itatuwan da ke faɗuwa. Ƙirya saboda gawayinta mai daɗewa, marke saboda cin wutarsa, maɗaci saboda katako. In waɗannan suka yi wuya sai a juya kan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. Ɗorawar nan ita ce kalwa, ita ce daddawar miyarki. Kaɗanya ita ce man kaɗe da muke shafa wa jarirai, kuma takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Mata nawa ne a ƙauye suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da kuɗin kalwa da man kaɗe? Da can da gatari ake sara, sai ƙato ya wuni a gindin bishiya guda, gajiyar da kanta takan sa ya yi tunani kafin ya kama ta biyu. Yanzu kuwa kafin tukunyar shayi ta tafasa ta kwanta.

To mai gyara yana da laifi? Idan kin tambaye shi zai ce miki shi inji ya gyara, bai sari ko reshe ba. Zai ce maƙeri yana ƙera wuƙa, wani ya yanka ragon layya da ita, wani ya cuci ɗan uwansa, shin maƙeri za a kama? Kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Da injin nan ake yanka katakon rufin ɗaki da na gado da bencin 'yan makaranta. Da shi ake kawar da bishiyar da iska ta kayar a kan hanya, ake rage rassan darbejiyar da ke neman danne gida. Ga iyali yana ciyarwa da guminsa, bai yi sata ba bai yi roƙo ba. Ba zan ce sana'arsa haramun ce ba, Allah ya kiyaye.

Sai dai malamanmu sun bambanta mana wanda bai sani ba da wanda ya sani. Maƙerin da baƙo ya sayi wuƙa a wurinsa ya wuce, ba komai a kansa. Amma wanda aka zo aka ce masa wasa mini wuƙar nan da kyau, yau sai na ga bayan wane, ya karɓa ya wasa, to wannan ba zai ce ba ruwansa ba. A ƙauye kuwa me ke ɓoyuwa? Mai gyara ya san wanda ke da takardar izini, ya san wanda ke shiga daji da tsakar dare. Ya san injin da ke yanka busasshe, ya san mai kayar da ɗanya. A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Kano ta sanar da hana aiki da wannan inji sai da izini. Doka abu ne mai kyau, amma ma'aikacin daji ba zai tsaya a gindin kowace bishiya ba. Injin kuwa ko ba daɗe ko ba jima sai ya dawo rumfar mai gyara. A ganina, gwargwadon saninsa gwargwadon alhakinsa.

Kada ki ce maganar ta ƙare a kan maza, don yanzu ta iso gida. Mai sara ba don ƙiyayya da daji yake yi ba, don akwai mai saye ne. Motocin gawayi da na itace da ke bi ta Kwanar Ɗangora su nufi birni, a ƙofar gidajenmu suke saukewa. Na san uzurinmu, kuma uzuri ne na gaskiya. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, gas ya yi tsada, wutar lantarki kuwa kin san halinta. Uwar da yara ke kuka da yunwa ba za a ce mata ta tsaya tunanin Falgore ba. Amma uzuri ba ya hana mutum yin ɗan abin da yake iyawa. Murhun da aka kewaye da laka ya fi na duwatsu uku tattalin itace. Rufe tukunya, jiƙa wake kafin a ɗora, kashe garwashi in an sauke a adana na gobe, amfani da kara da totuwar masara a lokacinsu, duk waɗannan a hannunmu suke. Idan kuma maigidanki ne mai injin, ko yayanki, ko ɗanki, to ke kika fi kowa sanin lokacin da magana ke shiga kunnensa. Ki ce masa, Malam, don Allah a bar mana masu 'ya'ya, a nemi izini, in an sari ɗaya a dasa biyu. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Mutumin da zai zauna kwana uku a kan tsohon ƙarfe yana lallaɓa shi, ya ƙi yarda a yar da shi don ya san darajar abin da ya daɗe, ai shi ya kamata ya fi kowa tausayin ɗorawar da ta girmi mahaifinsa. Idan fistin ya lalace akwai wani a kasuwa. Idan sarƙa ta tsinke za a haɗa ta. Amma ki faɗa mini kasuwar da ake sayar da kayan gyaran kaɗanyar da aka kayar. Gyaranta ɗaya ne, a dasa wata a jira, kuma mai dasawar sau da yawa ba shi zai sha inuwar ba. Shi ya sa addini ya lissafa dashen bishiya cikin sadakar da ladanta ke bin mutum.

Saboda haka amsar da na samu ita ce, gyara alheri ne idan mai yinsa ya ɗaga kai ya dubi inda abin zai je. Wanda ya gyara inji ya rufe ido ga daji, rabin aiki ya yi. Mu ma da muke gyara ɗaki mu gyara miya, in muka ƙyale tushen daddawar ya ƙare, me za mu bar wa 'ya'yanmu mata su kaɗa? Ranar sunan jaririnki, bayan an yanka rago, ki sa a dasa masa ko da zogale ko mangwaro ne a bayan ɗaki, su girma tare.

Allah ya sa wa masu sana'a albarka a cikin neman halalinsu, ya ba mu ikon gyara abin da gobe ba za a yi kuka da shi ba. Amin summa amin.