Wace Kwamfuta Za Mu Saya?

Kwanan baya dattawan ekklesiyarmu suka yarda a sayi kwamfuta domin rubuta wasiƙu da lissafin baiko. Wani ya ce HP, wani ya ce Dell, wani saurayi ya ce babu kamar Apple. Sai suka ce Fasto ya raba gardama. Ga abin da na gani, ya ku masu-karatu, gama na san yawancinku za ku fuskanci wannan tambaya.

Mutane su kan auna kwamfuta da mudu biyu, watau ƙarko da kuɗi. Apple jikinta na alminiyam ne, tana da ƙarko, amma tana da tsada, kuma an manne kayan cikinta har ba a iya ƙara mata ƙwaƙwalwa. ThinkPad, wadda Lenovo ta gāda daga IBM a 2005, da Latitude ta Dell, da EliteBook ta HP, an yi su domin aikin ofis. Suna jimre wahala, mai-gyara kuwa ya kan sami kayansu a kasuwa. Waɗannan kamfanoni uku suna da masu-araha na roba kuma. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya sayi mai-araha sau biyu ya biya kuɗin mai-tsada.

Amma akwai mudu na uku wanda mu ke mantawa: gumin wanda ya ƙera ta. Sunan da ke bisa murfi ba lalle shi ne na maƙeri ba. Kamfanoni kaɗan na Taiwan, kamar Foxconn da Quanta da Compal, su ne su ke haɗa kwamfutoci domin masu-sunaye da yawa. A 2010 ma'aikatan Foxconn fiye da 10 suka kashe kansu, yawancinsu a Shenzhen ta ƙasar Sin, samari da 'yan mata ne. Kamfanin ya ɗaura raga kewaye da benaye. A lokacin yana yi wa Apple da Dell da HP aiki. Batir kuma yana bukatar wani ƙarfe, kobalt, wanda fiye da rabinsa daga Kwango ya ke fitowa. A 2016 Amnesty International ta ba da labarin yara masu-shekara 7 suna aiki a wuraren haƙarsa.

Ashe, ba mai-iya nuna suna ɗaya ya ce wannan hannunsa tsattsarka ne. To, sai mu ce ba ruwanmu? A'a. Manzo Yaƙub, a sura 5, ya gargaɗi mawadata cewa Allah yana jin kukan ma'aikacin da aka hana shi hakkinsa. Nisan ƙasa ba ya toshe kunnen Allah. Kada kuwa mu ce magana banza ce, gama sa'anda duniya ta yi kuka a 2010, Foxconn ta ƙara albashi. 

Wani zai ce, to, mu bar saye ɗungum. Wannan ma ba amsa ba ce, gama matashin Shenzhen aikin nan ne abincinsa. Abin da ya ke so a biya shi daidai, a bar shi ya huta.

Saboda haka muka sayi ta hannu, irin ta ofis, mai-gyaruwa, muka ƙudura mu riƙe ta har ta tsufa. Kowace shekara da ta ƙara a hannunmu, an rage haƙar ƙasa da juji.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi kusa da mu. Yaron da ya ke buga mana takardu a ofis, wata nawa mu ke bin albashinsa baya? Mai-gyara a kasuwa, ba mu kan matse shi har ya yi aiki a bakin kome ba? Wanda ya ke jin tausayin ma'aikacin Sin, bari ya fara biyan na ƙofar gidansa kafin rana ta faɗi.