Haƙƙin Hanya da Hasken da Ke Kashe Ido

Daga cikin tambayoyin da zamani ya jefo wa masu nazarin fiƙihu akwai wata wadda ake raina ta saboda ƙanƙantar abin da ta shafa, ita ce ko ya halatta mai mota ya ƙara wa fitilunsa ƙarfi gwargwadon yadda ransa ya so, matuƙar da kuɗinsa ya saya kuma a jikin motarsa ya ɗaura. Tambayar tana da nauyi a yankin Birnin Ƙonni, inda babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai take ratsawa zuwa Malbaza da Galmi har Maraɗi da Damagaram, inda kuma hanyar Tawa take ɓallewa daga Tsarnawa ta nufi Badagishiri cikin ƙasar Illela. Manyan motocin simintin Malbaza da na albasar Galmi, da motocin haya masu zuwa iyakar Sakkwato, da 'yan kabu-kabu, da amalanken jaki wanda ba shi da fitila ko ɗaya, duk a kan kwalta guda suke haɗuwa da dare.

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa hazo a kan ƙasar Hausa har direba ya kasa rarrabe mutum da kututture. A irin wannan lokaci ne kasuwar fitilar hazo take tashi, wato ƙananan fitilun nan biyu da ake dasawa ƙasa-ƙasa a gaban mota. An ƙera su ne domin su watsa haske mai faɗi wanda ya kwanta a kan hanya, yana nuna bakin kwalta da ramuka na kusa, ba tare da ya ɗaga sama ba, domin duk hasken da ya bugi ƙurar da ke yawo a iska yakan dawo cikin idon direban da ya kunna shi. Saboda haka ne doguwar wuta ba ta ƙara gani cikin hazo, sai dai ta gina farin bango a gaban gilashi.

Amfanin fitilar ya rataya ne a kan jituwar abu biyu: ƙwan fitila, wanda yake samar da hasken, da gidan fitila, wato kwanon nan mai madubi a ciki da gilashi a baki, wanda yake tattara hasken ya aika da shi inda ake so. Maƙera sukan auna madubin bisa ainihin wurin da siririn zaren ƙwan halojin yake ci, don haka idan aka zare wannan ƙwai aka cusa na LED ko na zinon, wanda haskensa yake fita daga wani gurbi daban kuma da wata siffa daban, madubin ba zai iya sarrafa shi ba, sai hasken ya fantsama sama da gefe. Mai motar yana ganin gabansa ya yi fari tas, sai ya ɗauka ya ci riba. Wanda yake tahowa ta ɗaya hannun kuwa haske ya kashe masa ido, kuma motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda, ke nan makantar daƙiƙa uku tafiya ce ta mita 75 a kan hanyar da wataƙila akwai amalanke a gefenta.

Asalin hukunci a shari'a shi ne mutum yana da ikon sarrafa dukiyarsa yadda ya ga dama, sai dai malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mazhabar mafi yawan Musulmin wannan yanki, sun daɗe da iyakance wannan iko da hadisin da ya hana cutarwa da ramuwar cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. A kansa suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka, kamar yadda Ibnur Rami, wani magini masanin fiƙihu na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya tattara a littafinsa kan gine-gine, inda aka hana mutum ya buɗe taga mai leƙa gidan maƙwabci ko ya kafa sana'ar da hayaƙinta zai dami jama'a, alhali kuwa bangon nasa ne, filin ma nasa ne. Ƙa'idar ita ce mallakar abu ba ta ba mutum mallakar inda tasirin abin yake sauka. Fitila ta mai mota ce, amma idon da haskenta ya faɗa a kai na wani ne, kuma hanya ta kowa ce, har hadisi ya lissafa kamewa daga cutar da masu wucewa cikin haƙƙoƙinta.

Hujjar mai fitila ba ta da rauni kamar yadda ake zato. Zai ce niyyarsa kare rai ce, cewa yawancin motocin da ke shigowa tsofaffi ne waɗanda gilashin fitilunsu ya dushe, cewa kuma manyan motoci sun riga shi ɗaura fitilu jere-jere, don haka in bai ƙara nasa ba shi ne zai makance. Kashi na farko gaskiya ne, sai dai kyakkyawar niyya tana kawar da zunubin ganganci ne kawai, ba ta kawar da lamuni, wato nauyin biyan ɓarnar da aikin mutum ya jawo. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai suke karantawa a zaurukan Ƙonni kamar sauran ƙasar Hausa, ta ɗora wa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta lamunin abin da ta taka, ko da ba su yi nufi ba, kuma malamai sun bambanta mai aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta, ba tare da sun wanke na biyun ba idan ya ƙetare iyaka. Kashi na ƙarshe na hujjar kuwa shi ne ainihin ramuwar cutarwa da aka hana, kuma sakamakonta sananne ne: idan kowa ya ƙara haske domin ya rinjayi na gabansa, direbobi biyu ne za su haɗu a makance maimakon ɗaya.

Abin da ya sa wannan cuta take da wuyar ganewa shi ne mai yin ta ba ya taɓa ɗanɗana ta, domin babu direban da yake kallon fitilarsa daga gaba. Wanda ya zuba shara a bakin hanya yana ganin sharar, amma wanda ya makantar da ɗan kabu-kabu tsakanin Tsarnawa da Malbaza ya riga ya wuce kafin babur ɗin ya faɗa rami, kuma zai isa gida da zuciya fara. Saboda haka nauyin bincike yana hawa kansa tun a gareji, yana kuma hawa kan mai gyaran wutar mota da mai sayar da kayan gyara, waɗanda suka fi shi sanin abin da ƙwan zai yi.

Ba a hana gyara ba. Wanda ya sauya gidan fitila gaba ɗaya da wanda aka ƙera domin irin ƙwan da ke cikinsa, ya tsayar da motar a gaban bango da dare ya daidaita hasken har ya tabbata bai ɗaga sama da tsayin fitilar ba, sannan ya riƙa kunna ta cikin hazo ya kashe idan gari ya washe, ya yi abin da ya halatta, ana ma fatan lada a kansa idan ya haɗa da rage gudu. Wanda kuwa ya cusa ƙwai mai ƙarfi a gidan da ba nasa ba, bayan an sanar da shi illarsa, ya shiga haƙƙin masu hanya, kuma idan haskensa ya zama sanadin rai ko dukiya, yana da kaso a cikin lamuninsu.