Kunyar Rubuta Bashi

Duk wanda ya saba halartar jana'iza a ƙasar Hausa ya san wannan ɗan lokaci da ke zuwa kafin a ɗauki makara, sa'ad da wani dattijo daga dangin mamaci zai ɗaga murya ya ce, wanda duk yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake binsa, to ya nemi wane bayan an dawo daga maƙabarta. Mutane sukan ɗauki wannan shela al'ada ce kawai, alhali kuwa asalinta babba ne, domin ya tabbata a hadisi cewa an taɓa kawo wata gawa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi sallatarta saboda bashin da ke wuyan mamacin, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki lamunin biya; kuma fuƙaha'u sun haɗu a kan cewa ba a zartar da wasiyya, ba a raba gado, sai an fid da bashi tukuna. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, mu da muke tsoron bashi har haka a bakin kabari, mu ne kuma muke wasa da shi ranar da ake ƙulla shi.

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umarni da a rubuta shi in an yanka masa ajali, a kafa masa shaidu, kada kuma a ƙosa da rubutawa don ƙanƙantarsa. Sa'an nan ta ɗora shiftar a kan wanda ake bi, domin ya zamana da harshensa ya yi iƙirari da abin da ke zimmarsa, tun zukata suna fari. Jamhurin malamai sun ɗauki umarnin a kan mustahabbi, Imamu Ɗabari kuwa ya tafi a kan wajibci ne. Mu dai mun bar shi baki ɗaya, kuma hujjarmu guda ce, kunya. In ka ce wa amininka ya sa hannu a takarda, sai ya ɓata fuska ya ce, ashe har mun kai ga haka? Kai ma sai ka mayar da alƙalami aljihu, kana ganin ka kiyaye zumunci.

Na ga ƙarshen irin wannan kiyayewa a gidanmu. Kawuna falken hatsi ne, kuma wata shekara da damina ta yi gardama ya ba maƙwabcinsa, abokinsa tun na makarantar allo, buhun gero ashirin a kan zai biya da kaka. A zaure aka yi maganar bayan sallar isha'i, daga su sai Allah. Kafin kaka ta zo mutumin ya kwanta ciwo ya cika. Da kawu ya bari aka yi sadakar arba'in, ya kira babban ɗan ya gaya masa, sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi Baba, marigayi ya ce mana ya ba ka kuɗin goma.” Ban taɓa zaton yaron ƙarya ya shirya ba, kuma na tabbata kawu bai karɓi ko anini ba, mai yiwuwa marigayin niyya ya faɗa cikin zafin ciwo, aka ji ta kamar aikin da aka gama. Magana ta kai gaban alƙali, ya tambayi kawu shaidunsa, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ba ni da shaida sai Allah.” Alƙali ya ce Allah ya isa shaida a lahira, amma shi a nan da zahiri aka umarce shi ya yi hukunci, ya ƙara bayyana masa cewa mai da'awa a kan mamaci, a mazhabar Malik, ko ya kawo shaidu sai ya haɗa da rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, tun da wanda zai kāre kansa yana ƙarƙashin ƙasa.

Hasarar buhu goma ba ta dami kawu ba kamar abin da ya biyo baya. Aka fara raɗa a unguwa cewa Alhaji ya so cin dukiyar marayu, a ɗaya gefen kuma danginmu suna cewa 'ya'yan wane sun cinye amana, har matan gidajen biyu suka daina shiga wa juna barka da ta'aziyya. Kowane ɓangare ya jefi ɗan'uwansa da laifin da bai aikata ba, kuma kowa yana yi ne da sakankancewar shi aka zalunta. Tun daga nan na fahimci cewa yawancin ƙagen da ke tsakanin mutanen kirki daga mantuwa yake tsirowa, a filin da aka bari babu hujja.

Shari'a kuwa ta tsananta wajen tsare mutunci daga bakin mai zargi, fiye da yadda muke zato. Hujja a wuyan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Imamu Malik ma ya ƙara da cewa ba a rantsar da wanda ake ƙara sai an san akwai wata cuɗanya ta mu'amala tsakaninsu, don kada kowane ashararu ya riƙa jan mutanen kirki gaban alƙali yana wulakanta su da rantsuwa. Wanda ya yi wa kamamme ƙazafin zina bai kawo shaidu 4 ba, haddinsa bulala 80, a kuma daina karɓar shaidarsa, kamar yadda Suratun Nur ta hukunta. Sauran ƙage, irin na sata ko cin amana, alƙali yana da ikon yin ta'aziri a kansu. Amma fa hukuncin alƙali ba ya halatta haram, wanda ya ci shari'a da ƙarya wuta ya yankar wa kansa.

Wannan ciwo na raina takarda shi ne na sake gani a sha'anin inshorar mota. Dokar Nijeriya ta 1945 ta wajabta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna, kuma daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Malamai suna da magana a kanta, domin Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari mai ɓata ciniki, ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful, irin wadda aka fara a Sudan a 1979, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fitar mata da ƙa'idoji a 2013. Asalin ba baƙo ba ne a fiƙihu, tun da diyyar kisan kuskure a kan aƙila take, watau dangin uba, su biya cikin shekara 3. Sai dai da yawa daga masu motocinmu ba garari ne ya dame su ba; takardar bogi suke saya a bakin tasha don su nuna a shingen hanya, ranar da kuwa suka buge ɗan acaɓa suka karya masa ƙafa, sai a tara dattawa a ce masa ƙaddara ce, ya yafe. Ƙaddara ce lalle, amma imani da ita bai taɓa sauke lamuni daga wuyan wanda ya yi ɓarna ba, kuma yafewar da aka tatsa daga matalauci don ba shi da ƙarfin zuwa kotu, ina tsoron ba za ta karɓu ba ranar hisabi.

Kawu dai bayan waccan shari'a ta gero ya sayi wani ɗan littafi mai baƙin bango, yana rubutu a ciki da ajami. Ko mudu biyar ya ba da bashi sai ya kira mutum biyu daga bakin rumfa, ya sa mai karɓa ya faɗi adadi da ajali da bakinsa, ya rubuta, ya karanta masa. Wasu suka yi fushi suka ƙaurace wa rumfarsa, har wani ya ce masa tsufa ya sa shi rowa. Ranar da ya rasu, da dattijo ya yi shelar nan a kan makara, babban ɗansa yana tsaye a sahun gaba da littafin a aljihun rigarsa, kuma a shafin farko, kafin sunan kowa, bashin da ake bin kawu ne da kansa: kuɗin ɗinkin riguna biyu, da sunan telan, da ranar da ya yi alkawarin biya.