Ƙazantar da Aka Tura Gaba, Wa Ke da Alhakinta?

Mutum ya share ƙofar gidansa, ya tura sharar ƙofar maƙwabcinsa. Shin ya yi tsabta ke nan? Labarin kogin Tems na Ingila ya isa amsa.

A dā mutanen Landan cikin Tems su ke zuba najasarsu, daga cikinsa kuma su ke sha. Ciwon amai da gudawa ya yi ta kashe su, har a 1854 wani likita, John Snow, ya nuna ruwan sha ke yaɗa cutar. Da zafin 1858 kogin ya yi ɗoyin da ya dami 'yan Majalisa a zaurensu. Sai aka sa injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, su kwashe najasar, su zubar can gabas da birni.

Birni ya huta, amma ƙazantar wuri kawai ta sake. Kusa da bakin kogi, teku ta kan cika ta janye sau biyu kowace rana, saboda haka abin da aka zubar sai ya yi ta kai da kawowa. A 1878 jirgin ruwa Princess Alice ya nutse kusa da mazubar, mutum fiye da 600 suka hallaka cikin wannan ruwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Masana da suka yi ta auna shi sun gane cewa ƙananan halittun da ke cin ƙazanta su ke shanye iskar da ke narke cikin ruwa, watau oksijin, wadda kifi ke rayuwa da ita. A 1957 aka ce kogin ya mutu a sashen Landan. Sai da aka kyautata wuraren tace najasa kafin a sake ta, sa'an nan ya farfaɗo. A 1974 aka sami kifin salmon a ciki, bayan fiye da shekara 100.

Wani ya ce, ai Bazalgette ya ceci rayuka. Gaskiya ne, kuma ya cancanci yabo. Amma nisantar da cuta rabin aiki ne, gama na gangare ba shi da ikon zaɓen abin da ruwa ya kawo masa. Don haka alhaki yana wuyan wanda ya zuba, ko da bai taɓa ganin mai sha ba. Kuma duk wanda ke zaune bakin kogi, akwai wani a samansa.