RUWA BA YA TSAMI BANZA



A Littafin Annabi Ezekiyel, sura 34, aya 18 da 19, Ubangiji ya tsawata wa tumaki masu ƙarfi waɗanda suka sha garau ɗin ruwa, sa'an nan suka dagula sauran da ƙafafunsu, aka bar raunana da shan laka. Wannan tsawatarwa ta shafe mu, mu mazauna Tudun Wada, gama muna zaune kusa da Kogin Kubanni, akwai kuma masu sha a bayanmu. Kubanni yakan biyo ta Samaru, ya wuce ta gefenmu, ya faɗa Galma. Galma ya kai wa Kogin Kaduna, Kaduna ya kai wa Kwara, Kwara kuwa ya juye a teku. Abin da ya fita daga magudanar gidanka, ashe, doguwar tafiya gare shi.

Cikin abubuwan da muke aikawa akwai wani sinadari da masana ke kira fosfaras. Shi kansa baiwar Allah ne. Yana cikin ƙashinmu da haƙoranmu, shuka kuma ba ta yin saiwa mai ƙarfi sai da shi. Shi ne harafin tsakiya a buhun takin NPK, shi ne kuma amfanin takin supa da ake sa wa gyaɗa. A gona albarka ne, amma in ya yi yawa a kogi sai ya zama cuta.

Ta ina yake shiga? Na fari, ta gona da lambu: idan aka watsa taki a sarari gab da ruwan sama, ko aka yi noma har bakin gaɓa, ruwa yakan kwashe ƙasar da takin gaba ɗaya. Na biyu, ta bayan gida da fitsari, daga masai da ya cika ya tumbatsa, ko wanda aka haƙa dab da rafi. Na uku, ta kashin dabbobi da na kaji, da jini da tumbi na mahauta. Na huɗu, ta ruwan wanki, domin wasu irin garin sabulu suna ɗauke da shi.

Da ya taru, sai ya zama taki ga gansakuka da kainuwa, su rufe fuskar ruwa. Mukan ce kainuwa dashen Allah, amma wadda ta shaƙe kogi, mu ne muka yi mata taki. In suka mutu suka ruɓe, sai su cinye iskar da kifi ke shaƙa, ruwa ya yi wari, masunci ya koma gida hannu wofi. Wata gansakukar ma dafi gare ta. A watan Agusta na 2014, a birnin Toledo na Amurka, an hana mutane wajen dubu 400 shan ruwan famfo har kusan kwana 3, saboda dafin gansakukar da ta yaɗu a Tafkin Erie. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Farawa 2:15, Allah ya sa Adamu a gona domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Noma ba tare da kiyayewa ba rabin biyayya ne. Wannan ne Paparoma Faransis ya tunatar da Ikilisiya a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015. Mai lambun da ke ban ruwa a bakin Galma, da yaron da ke wanka a can, ba ka san sunansu ba, amma maƙwabtanka ne, Ubangiji kuwa zai tambaye ka game da su.

Saboda haka, manomi, binne takinka kusa da gindin shuka, daidai gwargwado, ka bar ciyawa a bakin rafi ta riƙe ƙasa. Maigida, gyara masai, kada a zuba bayan gida a magudana. Mai kiwo, kai taki gona, can ne gidansa. Uwargida, zuba ruwan wanki a rami, ƙasa ta shanye shi. Ƙananan ayyuka ne, amma da su ake gane mai ƙaunar maƙwabcinsa.

Allah wanda ya wanke mu da ruwan Baftisma ya ba mu zuciyar barin ruwa mai tsabta ga na bayanmu. Amin.